Alhaji, a buɗe wa ɗalibai littafin shago kafin a buɗe aljihu

Ranar raba kyaututtuka a manyan sakandaren Kumasi, a Gana, kusan tsarinta ɗaya ne. An kafa rumfuna, 'yan kadet sun yi fareti, an zaunar da Alhaji mai siminti ko Hajiya mai atamfa a layin gaba. Idan aka zo kan gudummawa, sai a kira suna a lasifika, a miƙa ambulan, a tafa. Wani lokaci a ba babban baƙo minti goma ya gaya wa yara yadda ya fara da faranti ɗaya a kasuwar Kejetia. Daga nan kuma sai baɗi. Kuɗin ambulan ya tafi fenti ko hayar kujeru, yaron aji biyu na sashen kasuwanci kuwa ya koma ya ci gaba da haddace ma'anar jari don jarrabawa, alhali bai taɓa ganin yadda jari ke narkewa a hannun mutum ba.

Ambulan alheri ne, Allah ya saka. Amma a ganina shi ne mafi arha cikin abin da ɗan kasuwar Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, zai iya ba makaranta. Yana da wasu abubuwa da hedimasta ba zai saya ko da nawa ba: farashin gaskiya da ke cikin littafinsa, ciniki na gaske da zai iya turo wa yara, da jari kaɗan wanda za a juya a mayar masa. Waɗannan nake so 'yan kasuwar Aboabo, Asawase, Sawaba da Alabar su fara fitarwa.

Tun watan Satumba na 2017 da aka fara karatun babbar sakandare kyauta, 'ya'yan gidaje da yawa da a da kuɗin makaranta ke tsayar da su sun shiga aji. Ga T.I. Ahmadiyya da aka kafa tun 1950, ga Islamic da ke Abrepo, ga Sakafiya, ga Kumasi Academy a Asokore Mampong, duk da yaranmu a ciki. Ba dukansu jami'a za ta ɗauka ba, kuma wanda ta ɗauka ma ba aiki ke jiransa a bakin ƙofa ba. Gwamnati na da shirye-shiryenta: akwai NEIP, shirin tallafa wa masu fara kasuwanci, tun 2017, akwai hukumar ƙananan masana'antu da aka sauya wa fasali a 2020 ta koma GEA, ga Adwumawura, shirin taimaka wa matasa su kafa sana'a, da aka ƙaddamar a nan Kumasi a 2025. Amma galibinsu matashin da ya riga ya bar aji suke jira, kuma sukan nemi ya zo da tsarin kasuwanci a rubuce. Shekara ukun da yake cikin makaranta, lokacin da kuskure bai da tsada, su ne ake bari su wuce.

A cikin makarantar kuwa rabon ya zama abin dariya. 'Yan sashen kasuwanci sun iya zana teburin shiga da fita, amma ba su da abin sayarwa. 'Yan sashen tattalin gida da na zane da na fasaha suna ɗinki, suna rini, suna haɗa kujera don jarrabawar aikin hannu ta WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare, amma ba wanda ya taɓa tambayarsu nawa abin ya ci, nawa za a sayar. Idan mai duba jarrabawa ya ba da maki, sai a tura kayan cikin sito ƙura ta rufe.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan fanni. Fataken da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goron Asante, har zuriyarsu ta zauna a zangunan Kumasi, da makarantarsu suka zo. Yaro yana zaune gefen maigida, yana ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, yana tsince mai sankara kada ya ɓata huhu, yana jin yadda dillali ke yanke la'ada. Ba a ba shi jari sai an ga hannunsa. Wannan makaranta har gobe tana nan a shagunan tela da garejin Suame da mahauta. Matsalarta ɗaya: yaron da boko ta kayar shi take ɗauka. Wanda ya ci jarrabawa sai a nisanta shi da shago kamar ciwo. Shi ya sa masta ya iya aiki amma ba ya rubuta komai, mai takarda kuma ya iya rubutu amma bai san inda ake sarin zare ba.

Abin da ɗan kasuwa zai koyar cikin awa ɗaya, wanda littafi ba ya faɗa, ga misalinsa. Mu ƙaddara ɗalibai takwas sun ce za su yi sobolo, wato zoɓon sha. Tukunya ɗaya lita 20, kwalba mai cin mililita 330, wato kwalba 60. Mu sa farashi na misali: ganyen zoɓo sidi 40, citta da kanumfari da kimba 25, abarba 20, sukari 45, sabbin kwalabe 60, gas 15, ƙanƙara 15, pragya (keke mai ƙafa uku) zuwa kasuwa da dawowa 20. Jimla sidi 240, kowace kwalba ta tsaya a sidi 4. Za su sayar sidi 5, su ce ribarmu 60, su rubuta a allo, malam ya ba su maki.

Yanzu a kira Hajiyar da ta shekara goma tana wannan sana'a ta duba takardar. Za ta tambaya: ina wanda ya zube wajen ɗuri, da wanda ya yi tsami don an ɗauke wuta firij ya huce? A cire shida. Ina wanda kuka sha da sunan ɗanɗano, da wanda kuka ba malam don kunya? A cire huɗu. Saura 50, kuɗinsu 250. Cikin su takwas bashi ne, kuma bashin abokin aji rabinsa ba ya dawowa, a cire sidi 20. Abin da ya shiga hannu 230. An yi asarar sidi 10, kuma ba a lissafa wahalar mutum takwas ba. Daga nan ne darasi ke farawa: ko a ƙara farashi, ko a rage girman kwalba, ko a sari sukari da gwangwanin awo na olonka a daina sayen ƙulli-ƙulli, ko a haɗa sayayyar sati biyu a tafiya ɗaya, ko a hana bashi kwata-kwata. Yaron da ya ga riba 60 ta rikiɗe ta zama asara 10 a gabansa ba zai sake rikita ciniki da riba ba.

Akwai wani darasi da 'yan kasuwarmu suka biya da tsada. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Duk wanda ya sayar da kaya bisa farashin da ya saro, ya ga riba a takarda, ya koma kasuwar Adum ya tarar kuɗin ba zai sake sayen katan ɗin ba. Ana sa farashi ne bisa abin da za a sake saro kayan gobe. Wannan magana daga bakin wanda ta ƙona take shiga kunne. Don haka idan za a gayyaci ɗan kasuwa aji, a hana shi labarin yadda Allah ya ɗaukaka shi. A ce ya zo da rasit ɗin sari guda uku na kaya iri ɗaya daga watanni daban-daban, da shafi ɗaya na littafin bashi an rufe sunaye. Awa ɗaya, sau huɗu a zangon karatu, ya isa.

Sai jari. Kuɗin da aka ba yara kyauta cinye shi ake yi, kuma ba laifinsu ba ne: abin da ba a tambaya bayansa, kowa haka yake yi da shi. Bashi mai ruwa kuma iyaye da malamai ba za su karɓa ba, kuma suna da gaskiya. Hanyar da ta dace tana cikin littattafan fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu, wato ƙiradi: mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka yanke tun farko, idan aka yi asara ba da sakaci ba ta faɗa kan mai kuɗi, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa. Abokan aji Kiristoci ba abin da zai dame su da wannan tsari, adalcinsa a fili yake.

A aikace ga yadda zan so a tsara. Rukuni ɗaya ɗalibi shida zuwa takwas, a gauraya sassa: biyu daga kasuwanci su riƙe littafi, sauran daga masu aikin hannu. Idan suka wuce takwas, uku ne za su yi aiki sauran su jira rabo. Jari sidi 1,000 zuwa 1,500, wa'adi sati goma. Kada a saki kuɗin gaba ɗaya: kashi 40 da farko, saura sai sun kawo lissafin zagayen farko an duba da rasit. A ƙarshe uwar kuɗi ta koma, riba kuma kashi 70 na yara, 30 na mai jari, wanda idan ya ga dama ya bar shi a asusu don 'yan baya. 'Yan kasuwa goma, kowa ya sa sidi 1,200, sun ɗauki rukuni goma, ɗalibi 60 zuwa 80 ke nan, kuma mafi yawan kuɗin zai dawo ya sake zagaye. Mutum ɗaya kan kashe fiye da haka a ankon biki. Kuma don Allah a rubuta adadin da lamba a takarda. Tun Yulin 2007 aka sauya kuɗi, amma har yau idan Alhaji ya ce miliyan goma, sidi 1,000 yake nufi, yaron da aka haifa bayan sauyin kuwa zai ji wani abu dabam.

Inda irin wannan shiri ya fi mutuwa shi ne wajen ajiyar kuɗi. Yawancin ɗaliban ba su kai 18 ba, ba za su sa hannu a yarjejeniya su kaɗai ba, kuma dokar makaranta ta hana su riƙe waya. Sai a ce a zuba komai a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na malamin da ke kula da su. Malamin na iya zama mai amana, amma kuɗinsa da nasu sun gauraye, wata ya yi nisa, an taɓa da niyyar mayarwa, zargi ya shigo, shiri ya watse. Maganinsa asusu na musamman a bankin karkara ko ƙungiyar ajiya, mai sa hannu biyu: malami ɗaya da wakilin 'yan kasuwa ɗaya. Duk Juma'a ma'ajin rukuni ya ƙirga kuɗi a gaban sauran, a rubuta a littafi biyu, ɗaya a makaranta, ɗaya wurin mai jari, a manna jimla a allon sanarwa. Wanda ya ga abin da wuta ta yi a Kejetia a Maris 2023 da Adum a Maris 2025 ya san dalilin littafi biyu.

Abin da ya fi jari tasiri, kuma ya fi wuyar samu, shi ne mai saye. Baje kolin da ake yi a filin makaranta yaudara ce mai daɗi: iyaye na saye don tausayi, ba mai taya farashi, ba mai mayar da kaya. A ba yara oda ta gaske. Mai makarantar Islamiyya da ke ɗinka hijabin ɗalibansa duk shekara ya ware guda 40 ya ba rukunin ɗinki. Idan kowane yana cin yadi ɗaya da rabi, yadi 60 ke nan, amma a sayi 66, domin hannun koyo yana ɓata yanka. A sayi yadin gaba ɗaya daga bandir iri ɗaya, don idan ya ƙare aka koma kasuwa, shuɗin da za a samu ba zai yi daidai da na farko ba, kuma a layin asambule kowa zai gani. A ɗinka guda ɗaya na gwaji a kowane girma, mai oda ya duba ya sa hannu kafin a sa almakashi a saura. Ya biya rabi kafin alƙalami, rabi ranar karɓa. Abu mafi muhimmanci: wanda ɗinkinsa ya karkace ya mayar da shi a warware. Mai odar da ya karɓi aikin banza don kada ya karya wa yara gwiwa ya cuce su, domin kasuwa ba za ta yi musu wannan kara ba. Kada kuma a karɓi odar da wa'adinta ya faɗa sati biyun ƙarshe na azumi. Lokacin telan da ke taimaka musu ba ya da idon kallon kowa.

Mai kanti kuma zai iya ba da kanta ɗaya na wata biyu, ya ajiye kayan yara, abin da aka sayar ya cire ladansa, abin da ya kwana a kwashe. Idan abin ci ne ko na sha, a nan dole a yi hattara. Mai sarrafa abinci yana buƙatar takardar gwajin lafiya daga majalisar yanki, KMA ko ta Asokore Mampong, kuma abin da aka rufe a kwalba aka manna masa suna don sayarwa a waje yana ƙarƙashin hukumar abinci da magunguna, FDA. Kwalbar tsintuwa da aka ɗauraye haramun ce a wannan shiri. Cikin yaro ɗaya ya ɓaci, hedimasta zai rufe komai, kuma daidai ya yi. Sannan matan da ke sayar da waakye (shinkafa da wake) da koko a bakin makaranta, da wannan ciniki suke ciyar da gida. Kada a kafa musu kishiya a ƙofa. A ɗauki ɗaya daga cikinsu ta zama uwar ɗakin rukunin, ta samu kasonta.

Zaman shago lokacin hutu yana da amfani, amma nan ne aka fi zalunci, kuma gara a faɗa. Dokar yara ta 1998, mai lamba 560, ta sa 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki da koyon sana'a, ta hana sa yaro aikin dare daga ƙarfe takwas zuwa shida na safe, ta kuma keɓe aiki mai haɗari ga wanda ya kai 18. Cikin abin da ta lissafa akwai dakon kaya masu nauyi, aiki inda ake amfani da injina, da masana'antar da ake sarrafa sinadarai. Ma'ana ɗan shekara 16 da aka tura Suame wurinsa shagon kayan gyara ne, yana koyon lambar kaya da farashi da yadda ake gane jabu, ba gaban injin walda ba. Wanda aka tura Kejetia kuma ba a turo shi ya zama ɗan dako ko ɗan aiken sayen abinci ba. Sati uku, awa biyar a rana, a tashi da la'asar, kuɗin mota da na abinci a kan maigida. 'Yan mata su tafi biyu-biyu, wurin mata, da izinin iyaye a rubuce. A ba kowane yaro tambayoyi biyar da zai dawo da amsarsu: wane kaya ya fi saurin fita, wanne ya fi riba, nawa ne bashi a waje, nawa haya da wuta da tikitin majalisa ke ci a wata, me ake yi da kayan da ya ƙi tafiya. Malami ya leƙa sau ɗaya ba tare da sanarwa ba. Shagon da aka tarar yaro na wanke motar maigida, a cire sunansa, ko na waye.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: yaro ya ɗanɗana kuɗi, karatu ya tafi. Tsoron na gaskiya ne, Zango ta ga irinsa. Shi ya sa shirin na 'yan aji biyu ne kawai. 'Yan aji ɗaya ba su gama sanin makaranta ba, 'yan aji uku WASSCE ce a gabansu. Awa uku a sati, bayan darasi ko ranar Asabar, kuma wanda ya yi fashin aji ko makinsa ya faɗi a dakatar da shi har ya gyara. Ribar ma kada a miƙa ta a hannu duk sati. A tara sai ƙarshen zango.

Su kuma 'yan kasuwa za su ce sirrin kasuwa ba a faɗa. Ba wanda ya nemi sunan mutuminka na Lome ko na Kano. Yadda ake lissafa farashi da yadda ake bin bashi ba sirri ba ne, kowane maƙwabcinka a layi ya sani. Kuma akwai riba a gare ka da ba ka lissafa ba. Shaguna nawa ne a Zango suka rufe wata shida bayan rasuwar maigida, saboda komai a kansa yake, ba takarda, ba wanda ya san wa ake bi, wa ke bin mu? Yaron da ya yi sati uku a wurinka, ya iya kwamfuta, ya san kayanka, shi ne wanda za ka nema idan ya gama, maimakon ɗaukar wanda ba ka sani ba.

Farawa ba ya buƙatar gidauniya ko taron otal. Ƙungiya ɗaya da ke nan da ma, ta teloli ko ta masu gareji ko ta mahauta ko ta tsofaffin ɗalibai, ta zaɓi mutum uku. Su rubuta wa hedimasta takarda shafi ɗaya, shi kuma ya kai wa hukumar gudanarwar makaranta da ofishin ilimi na GES, domin baƙo ba ya shiga aji ba izini, kuma a bayyana a takardar cewa ba za a karɓi ko fesuwa ɗaya daga ɗalibi ba. A fara da makaranta ɗaya, rukuni uku, zango ɗaya. A ba malamin da ke kula da shirin ɗan abin mota a bayyane, a rubuta shi cikin kasafi, domin aikin sa-kai da ba a yaba wa wata biyu yake yi. Sarkin Zango da limamai su sa albarka, amma kada a bari ɗan takara ya manna hotonsa a kai, in ba haka ba rabin unguwa za su janye yaransu.

Ranar rufe zango, kowane rukuni ya tsaya gaban masu jari da iyaye ya karanta lissafinsa cikin minti goma: abin da aka karɓa, abin da aka kashe, abin da ya lalace, bashin da ya maƙale, abin da ya saura. Rukunin da ya yi asara ya kuma iya nuna inda kowane sidi ya bi, a sake ba shi jari zango mai zuwa. Wanda ya zo da riba amma littafinsa bai yi daidai da rasit ba, a mayar da shi ya sake ƙirgawa kafin a raba komai.